Baiwar da ta sayi fili a titin Spring

A ranar 28 ga Nuwamba 1866, wata mata baƙar fata mai shekara 48 ta ƙirga dala 250 ta miƙa, aka rubuta mata takardar fili a garin Los Anjalis na jihar Kalifoniya. Ba ta da miji, ba ta da uba ko yayan da zai tsaya mata, kuma kuɗin nan duk gumin goshinta ne. Takardar ma ba za ta iya karanta ta ba, don ba ta taɓa zama gaban malami ba. In aka ce ta sa hannu, 'yar alama kawai take zanawa. Shekara 11 kafin wannan rana, ita kanta tana cikin lissafin dukiyar wani mutum, ana ƙirga ta tare da shanu da alfadarai. Sunanta Biddy Mason.

An haife ta a 1818 a kudancin Amurka, cikin bauta. Sunan yankanta Bridget, ana kiranta Biddy, kuma iyakar sunan ke nan, domin doka a can ba ta san bawa da sunan uba ba. Ta wuce daga hannu zuwa hannu har ta faɗa gidan wani manomi a jihar Misisipi mai suna Robert Smith da matarsa Rebecca. A gandun bayi ta koyi abubuwan da suka riƙe ta daga baya: kiwon dabba, sanin saiwa da ganye, jinya, da karɓar haihuwa. Ta haifi 'ya'ya mata uku, Ellen da Ann da Harriet.

Sai ubangidan nata ya shiga ɗariƙar Mormon, wata sabuwar ƙungiyar addini da mabiyanta ke ƙaura zuwa yamma don kafa garinsu a kwarin Salt Lake, inda yanzu ake kira jihar Yuta. A watan Maris 1848 Smith ya ɗaure kaya ya bi ayari. Ba wanda ya tambayi Biddy ko tana son zuwa. Iyayengiji suna cikin kekunan shanu masu rumfa, ita kuwa aikinta kora garke a bayan ayari. Duk wanda ya taɓa bin bayan shanu da rani ya san inda ƙura take sauka. Tana da shekara 30, Ellen tana da kamar goma, Ann huɗu, Harriet kuwa jaririya ce tana shan nono. In aka yada zango ita ce mai hura wuta da girki, in naƙuda ta kama wata a hanya ita ake tasowa. Tafiyar ta kai wajen mil 1,700, ta ci kusan wata bakwai, kuma yawancinta da ƙafa ta yi.

Ba su daɗe da zama ba, a 1851 aka sake cewa a tashi. Shugabannin Mormon sun tura ayari ya ratsa hamadar Mojave ya kafa sabon mazauni a San Bernardino, a kudancin Kalifoniya, Smith kuma yana ciki. A nan ne ya yi wa kansa. Tsarin mulkin da Kalifoniya ta rubuta a 1849 ya haramta bauta, kuma a matsayin jihar da ba bayi ta shiga tarayyar Amurka a 1850. Ke nan tun ranar da Smith ya zauna da su a can, Biddy da 'ya'yanta 'yantattu ne a idon doka. Sai dai doka tana cikin littafi, littafin yana hannun masu karatu. Shekara huɗu da wani abu suka ƙara suna yi masa bauta, ba ko sisi.

A ƙarshen 1855 Smith ya ɓata da shugabannin ɗariƙar tasa, ya kuma ga iska tana sauyawa. Sai ya yanke shawarar komawa Teksas, inda bauta ke da ƙarfi, inda mace mai sana'a da 'yan mata uku za su yi kuɗi a kasuwa. Ya ce musu kada su damu, a Teksas ma 'yantattu ne kamar nan. Ya kwashe su, su 14, wato Biddy da wata baiwa mai suna Hannah da 'ya'yansu da jikoki, ya tafi ya ɓoye zango a wani kwari cikin duwatsun Santa Monica, yana shirin kama hanya.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne soyayya. Akwai wani baƙar fata 'yantacce a Los Anjalis mai suna Robert Owens, mai fataucin dawaki da alfadarai, mutum mai rufin asiri da ake jin maganarsa. Ɗansa Charles yana neman Ellen, 'yar farin Biddy. Da labari ya fito cewa za a wuce da su Teksas, Owens da wata 'yantacciyar mata ta San Bernardino mai suna Elizabeth Rowan suka kai magana gaban hukuma. Kotu ta ba da takardar da ke tilasta wa duk mai riƙe da mutum ya kawo shi gaban alƙali ya faɗi hujjar riƙe shi. Shugaban 'yan sandan yankin ya ɗebi mahaya, har da makiyayan Owens, suka dira a zangon. Aka kawo matan da yaran gari aka ajiye su a gidan yari, don nan ne kawai wurin da Smith ba zai iya sace su cikin dare ba.

Shari'ar da aka yi a watan Janairu 1856 tana da abin mamaki. Dokar Kalifoniya ta lokacin ta hana baƙar fata ba da shaida a kan farar fata a kotu. Wato jihar ta ce ba bauta, amma ta ɗaure bakin wanda ake bautarwa. Smith ya tsaya ya ce ai waɗannan iyalinsa ne, da son ransu za su bi shi. Lauyan da ke tsaya wa matan kuma aka lallaɓa aka danƙa masa dala 100, ya janye daga ƙarar ba tare da ya faɗa musu ba. Da wani alƙalin ne, da magana ta ƙare a nan.

Alƙalin sunansa Benjamin Hayes, haifaffen Baltimore a jihar Maryland, inda ita ma ake bauta a lokacin, don haka ba za a ce ɗan gwagwarmayar 'yanta bayi ne ba. Mutum ne da ya karanta doka ya kuma tsaya a kanta. Da ya ga ba dama Biddy ta yi magana a zauren kotu, sai ya kira ta ofishinsa, ya zaunar da shaidu, ya tambaye ta. Abin da ta faɗa gajere ne: ita dai kullum abin da aka ce ta yi take yi, amma tun ranar da ta fara jin zancen tafiyar Teksas take jin tsoro. Hayes ya duba dokar Teksas ya ga ta hana shigo da baƙaƙe 'yantattu, saboda haka alƙawarin Smith ƙarya ce tsagwaronta, duk wanda ya bi shi can bawa zai koma. Ya yanke hukunci cewa mutum 14 ɗin nan 'yantattu ne har abada. Smith bai ma bayyana a zaman ƙarshe ba, ya sulale zuwa Teksas, kuɗin kotu ma bai biya ba.

A duba yadda lokaci ya yi mata gata. A watan Maris 1857, wata 14 kacal bayan haka, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da ikon kai ƙara kotun tarayya, kuma zama a yankin da ba bauta bai 'yanta shi ba. Da Smith ya yi jinkirin shekara ɗaya da rabi kafin ya ɗaure kaya, da wuya a ce ga yadda za ta kaya.

Ta fito daga gidan yari tana da shekara 37, da 'ya'ya uku, da kayan jikinta. Iyalin Owens suka sauke su a gidansu. Ta zaɓa wa kanta sunan Mason. Daga baya Charles ya auri Ellen. Ita kuma ta samu aiki wajen wani likita mai suna John Griffin, tsohon likitan soja ɗan Bajiniya wanda ya auri ƙanwar alƙali Hayes. Yana biyan ta dala biyu da rabi a rana, kuɗi mai kauri ga mace a wancan zamani. Tana jinya a asibitin gunduma da gidan yarin da ta taɓa kwana a ciki, tana kuma yawon karɓar haihuwa da baƙar jakarta.

Los Anjalis ta lokacin ba ita ce ta fina-finai ba. Ƙidayar 1860 ta samu mutum 4,385 ne kawai a garin. Yawancin gidaje na ƙasa ne masu soro a kwance, tituna ƙura da rani taɓo da damina, ruwan sha daga wasu magudanai da aka haƙo daga kogi. Garin ya fito daga hannun Meziko ne a 1848, don haka Sifaniyanci ya fi Turanci yawa a bakin mutane, Biddy kuma ta iya shi sosai. Ta karɓi haihuwar ɗaruruwan jarirai, a gidan attajiri da bukkar talaka, na Turawa da 'yan asalin Meziko da Indiyawan daji da baƙaƙe. Da annobar agana ta ɓarke a farkon shekarun 1860, tana cikin masu shiga ɗakin da wasu ke gudu. Gari ya koma kiranta Goggo Biddy.

Ungozoma tana shiga inda dillali ba ya shiga. Tana zaune a bakin gado tsakar dare tana jin wanda bashi ya kama, da wanda zai sayar da gona, da wanda ya ce garin zai faɗaɗa ta kudu. Ga shi kuma mutum biyun da ta fi kusa da su, Griffin da Owens, duk masu sayen ƙasa ne. Griffin ma har yana da hannu a filin da aka kafa garin Pasadena a kansa daga baya. Ba ta iya karatu ba, amma tana da kunne.

In aka yi lissafin alli, dala 250 ladan kwana 100 ne kacal a kan dala biyu da rabi. Amma shekara goma ta yi tana tarawa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe gida shi kaɗai ba zai yi mamaki ba. Masu aure biyu ne ke ɗauke da tulu ɗaya, in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ya fita nema. Wadda ba ta da miji kuwa ita ce mai nema, ita ce mai ajiya, ita ce mai biyan haya, kuma duk ranar da ba ta fita ba tukunya ba ta hau wuta ba. Abin da ya rage bayan ci da sutura da kuɗin ɗaki da hidimar yara shi ake jefawa a asusu, kuma sau da yawa ba ya wuce 'yan kwabbai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta kuma sayi filin a daidai lokacin da ya kamata. Ambaliya ta cinye yankin a damunar 1861 zuwa 1862, sai fari mai tsanani ya biyo baya har 1864, shanu suka mutu dubbai, manyan masu kiwo suka karye, ƙasa ta yi araha. Fulotai biyu ta saya, sun taso daga titin Spring sun ɓulle titin Fort, wanda yanzu ake kira Broadway, tsakanin titi na uku da na huɗu. A 1866 wurin bayan gari ne. Zuciyar gari tana can arewa wajen tsohon dandali da cocinsa, nan kuwa sai gonakin inabi da lambunan lemo da shingayen itace. Mai neman riba ta gobe da safe ba zai kalli wurin ba.

Ni a ganina ba riba ce ta fara kai ta can ba. A duba rayuwarta: daga inda aka haife ta zuwa Misisipi, daga Misisipi zuwa Yuta, daga Yuta zuwa San Bernardino, saura ƙiris Teksas. Duk tashin nan ba wanda ita ta yanke. Kullum wani ne zai wayi gari ya ce a ɗaure kaya. Takardar 'yanci ta hana a sayar da ita, amma ba ta hana mai gidan haya ya ce ta fita ba. Takardar fili ce ta rufe wannan ƙofar. Shi ya sa ta ja kunnen 'ya'yanta da jikokinta cewa wannan gida na farko kada a kuskura a rabu da shi. Haka kuma a 1860, shekara huɗu bayan shari'a, ta koma kotu ta karɓi kwafin hukuncin 'yancinta mai hatimi ta adana. Mace ce da ba ta karatu amma ta san abin da takarda ke iya yi wa mutum, domin da takarda aka yi ta cinikinta.

Wani abin da ya kamata masu ɗokin gida su lura da shi: ba ta tare nan da nan ba. Ta ci gaba da zama a haya da yawon ungozomanci, tana biyan harajin filin, tana ƙara sayen wasu filayen in ta samu sarari. Kusan shekara 18 aka yi a haka. A tsakanin, a 1872, ita da surukinta Charles Owens da wasu 'yan tsirarun mutane suka taru a ɗakinta suka kafa cocin First AME, majami'ar baƙaƙe ta farko a garin, kuma ita ta riƙa ɗaukar harajin filin cocin da sauran hidimominsa.

Sai gari ya taso ya same ta. Jirgin ƙasa na kamfanin Southern Pacific ya iso Los Anjalis a 1876. A tsakiyar shekarun 1880 kamfanin Santa Fe shi ma ya shigo, kamfanonin biyu suka shiga karya wa juna farashi, har aka yi wani ɗan lokaci da tikiti daga Kansas City ya faɗo dala ɗaya. Mutane suka yi ta kwarara. Garin da ke da mutum 11,183 a 1880 ya kai 50,395 a 1890. Kasuwa da bankuna da otal-otal suka gangaro kudu, suka zagaye filin Biddy. A 1884 ta yanki wani ɓangare ta sayar a kan dala 1,500, ninki shida na abin da ta biya wa filin gaba ɗaya. Da kuɗin ta gina bene na jan bulo, ƙasa shaguna na haya, sama wurin zamanta. A lokacin tana da shekara 66. Sai a waɗannan shekarun ta fara kwana a ƙarƙashin rufin da yake nata. Ta kuma ba jikokinta maza biyu, Robert da Henry, wani gefe suka buɗe bargar hayar dawaki.

Gidan mai lamba 331 a titin Spring bai zama wurin hutawa ba. Tun da sassafe mabuƙata ke yin layi a ƙofa, baƙi da suka sauka daga jirgi ba masauki, matan da miji ya gudu ya bari, marasa lafiya. Da ambaliya ta sake rushe gidajen talakawa a bakin kogi a shekarun 1880, ta je wani kantin kayan abinci a unguwar ta ce duk wanda ruwa ya ci gidansa a ba shi abin da yake buƙata a rubuta a kanta, ba ta ce baƙi ko fari ba. Ba ta daina kai ziyara gidan yari da abinci ba. Sai da tsufa ya kwantar da ita ne jikanta Robert ya riƙa fitowa ƙofa yana ba mutane haƙuri. Ta rasu ranar 15 ga Janairu 1891 tana da shekara 72. An ƙiyasta dukiyar da ta bari da kusan dala 300,000, kuma bayan 'yan shekaru titin Spring ya zama cibiyar bankunan garin, jikanta Robert Owens kuma ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen da suka fi kowa arziki a yammacin Amurka.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙofar da ta shiga ta zauna a buɗe. A 1866 baƙaƙen Los Anjalis 'yan kaɗan ne, ba wanda ya ji tsoronsu, mai fili kuma kuɗi yake nema. Da yawansu ya ƙaru, daga shekarun 1910 zuwa 1940, sai aka riƙa cusa sharaɗi a takardun filaye cewa ba za a sayar ko a ba da haya ga wanda ba farar fata ba, har aka rufe yawancin unguwannin garin. Sai a 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi, dokar hana wariya wajen sayar da gida kuma sai 1968. Ta ɓangaren mata marasa aure kuwa abin ya fi haka daɗewa. Har farkon shekarun 1970 banki a Amurka yana iya ce wa mace mai albashinta ta je ta kawo miji ko uba ya sa mata hannu kafin a ba ta rancen gida, kuma sai a 1974 majalisa ta haramta haka. Biddy ta tsallake duk wannan ne don ta zo da wuri kuma da kuɗi a hannu ta zo.

An binne ta a maƙabartar Evergreen da ke unguwar Boyle Heights, kuma abin da ke da wuyar fahimta, matar da ta bar wannan dukiya ta yi shekara 97 ba ko dutse a kan kabarinta. Sai ranar 27 ga Maris 1988 magajin garin Los Anjalis, Tom Bradley, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan kujera, ya zo tare da dubban mabiya cocin da ta kafa aka dasa mata dutse mai sunanta. Filin titin Spring kuwa tuni ya fita daga hannun zuriyarta. Dogon ginin ajiye motoci ne a wurin yanzu, kusa da tsohon ginin Bradbury, kuma a gefensa an keɓe wani ɗan lungu mai suna Biddy Mason Park, da katangar kankare mai tsawon kusan ƙafa 80 wadda mai zane Sheila Levrant de Bretteville ta tsara, aka jera tarihin matar a jikinta shekaru goma-goma.